An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ciwon sukari ya daina zama ciwon attajiran birni, ya shigo ƙauye ya zauna. Da wuya a shiga gari kamar Yalwan Damai, ko Kantoga, ko Sara, a rasa magidanci ko uwargida da likita ya ce su yi hankali da abin da su ke ci. Babbar ƙungiyar duniya mai lura da wannan ciwo ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke fama da shi a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba.

To, abin da ya kan faru idan mutum ya komo daga asibiti da wannan labari shi ne 'yan'uwa da abokan arziki su taru a kansa, kowa da tasa shawara. Wannan ya ce kada ya ƙara kusantar nono, wancan ya ce man shanu ya haramta gare shi, wani ya ce cuku da ƙwai sai dai ya gani a hannun yara. Sa'an nan a ce ya koma cin acca da alkama, wai su ba su da sukari. Bawan Allah ya bi, ya rabu da duk abin da saniya ke bayarwa, ya riƙa cika akushi da tuwon alkama safe da dare. Bayan wata uku sai a ga ya rame, ƙarfi ya ragu, in ya koma awo kuwa a tarar sukari yana nan inda ya ke. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya kamata mai ciwon sukari ya ƙirga shi ne hatsi da sukarin da ke shiga ƙwaryarsa. Cuku kuwa, wanda a ke tsoratar da shi a kansa, yana cikin abinci mafi sauƙin lissafi, kuma abu ne da matan rugar da ke bayan gari za su iya yi da abin da ke hannunsu.

ABIN DA A KE ƘIRGAWA

Masana sun kasa abinci kashi uku. Akwai mai gina jiki, irin su nama da kifi da ƙwai. Akwai maiƙo, irin su man gyaɗa da man shanu. Akwai kuma sitaci da sukari, waɗanda likitoci su ke haɗawa su kira su da suna ɗaya, watau kabohaidiret. Dalilin haɗa su kuwa shi ne, sitacin da ke cikin gero da dawa da rogo, ko da ya ke ba shi da zaƙi a baki, da ya isa hanji sai ya narke ya koma sukari, ya shiga jini. Wanda ke shakka ya tauna ɗan burodi ya daɗe bai haɗiye ba, zai ji zaƙi ya soma fitowa, gama miyau ma yana fara wannan aiki tun a baki. A jikin mai lafiya akwai wani ruwa da a ke kira insulin, wanda ke fitowa daga wani sashe na ciki a bayan tumbi. Shi ke kwashe sukari daga jini ya kai shi inda za a yi aiki da shi. Mai ciwon sukari nasa insulin ya gaza, ko kuwa jikinsa ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru cikin jini har ya riƙa fita a fitsari.

Rage wa mara lafiya sitaci tsohuwar dabara ce. Kafin a gano insulin na allura a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1921, likitoci ba su da wani abin yi da ya wuce wannan. A 1972 wani likita a Amurka, Robert Atkins, ya buga littafi ya sake yayata tsarin ga masu son rage ƙiba, ya ce su bar burodi da sukari su ci nama da ƙwai da cuku. Har yau a ƙasashen Turai masu bin wannan hanya suna auna abincinsu da sikeli. Wanda ke cin ƙasa da giram 130 na sitaci da sukari a yini shi a ke cewa ya rage, masu tsanantawa kuwa ba su wuce giram 50. Da ya ke cuku iri-iri ne a can, su kan tsaya su tambayi giram nawa ke cikin kowane iri. Mutumin Yalwan Damai shi ma yana da bukatar irin wannan lissafi, sai dai da abincin da ya saba za a yi masa shi.

Ga yadda hatsi ya ke. Cikin giram 100 na busasshen gero akwai sitaci misalin giram 67. Dawa da masara da alkama sun kai giram 70 ko sun ɗara. Shinkafa da acca suna tsakanin 75 da 80, garin rogo kuwa ya wuce 80. Ashe wanda ya bar tuwon dawa ya koma tuwon acca, bai rage yawan malmala ba, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago, ga kuma tsada. Gaskiya ne hatsin da ba a surfe shi sosai ba ya fi jinkirin narkewa a ciki, wannan kuwa alheri ne, amma sitacin yana nan bai je ko'ina ba.

INA SUKARIN MADARA KE TAFIYA?

Madara tana da sukari, wannan ba a musu. Cikin giram 100 na madarar saniya, misalin giram 87 ruwa ne. Sauran kuwa, maiƙo kusan giram 4, abin gina jiki giram 3 da ɗoriya, sukarin madara kusan giram 5, sai ɗan abin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Watau lita ɗaya ta madara tana ɗauke da sukari misalin giram 48.

In aka bar madara ta kwana ta zama kindirmo, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke cinye wani kashi na sukarin su mai da shi tsami. Amma ba su cinye shi duka, misalin ɗaya cikin huɗu su ke ci. Saboda haka nono, komai tsaminsa, yana da sauran sukari kusan giram 4 cikin giram 100. In aka kaɗa shi aka cire mai, sukarin a cikin nonon ya ke tsayawa, gama ruwa ya ke bi ba ya bin maiƙo. Shi ya sa man shanu kusan ba shi da sukari ko kaɗan.

Wannan hali na sukarin madara, na bin ruwa, shi ne asirin cuku. Sa'ad da aka sa wa madara abin da zai tsinka ta, abin gina jiki da maiƙo su ke dunƙulewa su zama cuku, ruwan kuwa ya ware ya tsiyaye, ya tafi da mafi yawan sukarin. Alal misali, lita 5 na madara su ke ba da kilo ɗaya na ɗanyen cuku, irin wanda Yarbawa su ke kira wara, a Benin da Gana kuma a ce wagashi. Lita 5 ɗin nan suna da sukari misalin giram 240. Kilon cukun da ya fito ba ya riƙe fiye da misalin giram 30, sauran giram 210 sun bi ruwa. Watau wanda ya ci ɗanyen cuku giram 100, abin da zai ƙosar da babban mutum in an haɗa da miya, sukarin da ya ci bai wuce giram 3 ba, bai ko kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba.

Cukun da Turawa su ke ajiyewa watanni kafin a ci, irin wanda a ke kira Cheddar da sunan wani ƙauye a Ingila, ɗan sukarin da ya rage ma ƙananan halittun nan sun ƙarasa cinye shi, kusan babu saura. Shi kuwa busasshen cuku na Buzaye da Fulanin Nijar, wanda fatake su ke kawowa daga wajen Tawa da Agadas falle-falle kamar takarda, da tumbin ɗan akuya ko ɗan rago mai shan nono a ke tsinka madararsa, a shanya a kan tabarmar kara. Da ya ke ruwa ya fita, komai nasa ya taru wuri ɗaya, har da ɗan sukarin da ya saura, amma ba abin da a ke ci da yawa ba ne. Sai dai in aka daka shi cikin fura, kamar yadda mutanen can su ke yi, to, lissafin ya koma na fura.

Akwai kuma awara, cukun waken suya, wadda yara mata su ke soyawa a kowace unguwa. Ita ma da an tsinka ruwan waken a ke tace ta, kuma sitacin da ke cikin giram 100 nata bai wuce giram 2 ko 3 ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce mafi arha, kuma ƙasar kudancin Jigawa tana karɓar waken suya. Abin lura kawai shi ne man da ta sha a kasko.

Cuku yana da wani amfani har wa yau. Mutane da yawa in sun sha ɗanyar madara cikinsu ya kan yi ƙugi ya kumbura, har su yi zawo. Sukarin madara ne hanjinsu ya kasa narkarwa. Binciken da likitoci suka yi a Nijeriya a shekarar 1971 ya nuna yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi har tsufa, amma a sauran ƙabilu manya da yawa ba su iyawa. Irin waɗannan mutane su kan ci cuku lafiya lau, da ya ke abin da ke damunsu ya bi ruwa.

LISSAFIN ƘWARYAR FURA

Yanzu a ɗauki ƙwaryar fura da nono irin wadda manomi ke sha da rana a gindin gawo. A ce ya sayi dawo biyu, kowane nauyinsa giram 100. Kusan rabin nauyin dawo ruwa ne, saboda haka kowane yana da sitaci misalin giram 35, biyun sun zama 70. A ce an dama da nono rabin lita, sukarinsa misalin giram 20. Sa'an nan ya zuba sukari ƙaramin cokali huɗu, kowane giram 4, sun zama 16. In aka tara, ƙwaryar nan ta tashi giram 106. Nonon da a ke ta zargi ko kashi ɗaya cikin biyar bai cika ba. In da dare ya ƙara da malmala biyu ta tuwo, kowace mai nauyin giram 300, ya sake cin abin da ya kai giram 130, ban da kokon safe. Kwalbar lemo ta rabin lita kuwa, irin wadda a ke tarbar baƙo da ita, ita kaɗai tana da sukari fiye da giram 50, daidai da cokali goma sha uku.

To, a juya lissafin. Mutumin nan ya sha nonon nan rabin lita yadda ya ke, amma a dama masa dawo ɗaya, kada a sa sukari: ƙwarya ta sauko giram 55, rabin na dā. Da dare a ba shi malmala ɗaya, a cika masa kwano da miyar kuka ko ta kuɓewa ko zogale, a yanka ɗanyen cuku ko awara a ciki. Zai tashi a ƙoshe, ya ci abin gina jiki fiye da na dā, sitacin kuwa ya ragu da rabi. Ba a raba shi da gero ba, ba a kuma tura shi kanti neman abincin gwangwani ba.

Ba sai kowane gida ya sayi sikeli ba. Ya isa a kai dawo ɗaya da malmala ɗaya wurin mai sikeli a kasuwa a auna sau ɗaya, a san nauyinsu. Daga nan uwargida ta ware ludayi ɗaya da ƙoƙo ɗaya da mara ɗaya na mara lafiya, kullum da su za a auna masa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

NONON DA BA NONO BA

Duk lissafin nan na nonon gaskiya ne. Amma kowa ya san da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, saniyar da ke ba da lita ɗaya ko fiye da damina da ƙyar za a tatsi rabin lita. A lokacin nan ne waɗansu masu sayarwa su ke ƙara ruwa, sa'an nan su nemi abin da zai mayar da kauri. Tun dā ana yi da garin 'ya'yan kuka. Yanzu kuwa har da sitacin rogo ko na masara, da garin madara na buhu, wanda wani an haɗa shi da man itatuwa da sukari. Mai lafiya in ya sha wannan kuɗinsa kawai aka ci. Mai ciwon sukari kuwa lafiyarsa aka taɓa, gama yana zaton nono ya sha, alhali kunu ya sha. Ya kamata masu wannan sana'a, na ruga da na cikin gari, su ji tsoron Allah. In an yi haɗi a faɗa, mai saye ya zaɓa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane sitaci. A ɗebi ɗan nono a cokali, a ɗiga masa aidin irin wanda a ke sa wa rauni. In da sitaci a ciki nan take zai koma shuɗi mai duhu, in babu sai ya tsaya rawaya-rawaya. A zubar da wanda aka gwada, kada a sha. Sarakunan kasuwa da ardo-ardo in suka sa aka riƙa wannan gwaji lokaci-lokaci, masu gaskiya ne za su ci riba, gama nononsu zai yi suna.

Haka kuma abin da a ke sayarwa cikin roba ko kwali. Yawancin yogot na kanti an zuba masa sukari, madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi kuwa fiye da rabinta sukari ne. Garin madara, ko na ƙwarai ne, yana da sukarin madara giram 38 cikin giram 100, gama ruwa kawai aka cire masa. Wanda ya iya karatu ya duba jikin kwalin, inda aka rubuta kabohaidiret, ya ga giram nawa ne cikin 100. Wanda bai iya ba ya sa ɗan makaranta ya duba masa.

YADDA A KE YIN ƊANYEN CUKU

Ƙasar nan ta shanu ce tun fil azal. Zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, wanda masana suka bayyana wa duniya a shekarun 1950, yawancinsa siffar shanu ce. A shekarun 1960 akwai gidan kiwo na gwamnati a Birnin Kudu inda a ke rubuta madarar da kowace saniyar Bunaji ta bayar. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, daga 1939 zuwa 1945, sa'ad da kayan Turai suka yanke, ma'aikatar dabbobi a Vom ta riƙa sayen madara daga Fulani tana yin man shanu da cuku. Ashe madarar Arewa ta isa cuku. Abin mamaki shi ne Fulanin Ilori da na Borgu sun mai da wara sana'a, su kuwa na nan, da damina in madara ta yi yawa, sai a ga nono ya yi kwantai a kasuwa ana sayarwa a wulaƙance, ga tunfafiya ko'ina a bakin hanya ba mai kula ta.

Aikin ba shi da wuya. A sami madarar da aka tatsa da safe, wadda ba ta soma tsami ba, a tace ta da tsabtataccen ƙyalle. A ɗora ta a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ɗumi. A tsinko ganyen tunfafiya kaɗan a wanke, a dandaƙa, a jiƙa cikin ɗan ƙoƙon madara mai ɗumi, a tace, a juye ruwan cikin tukunya. A bar wutar ƙasa-ƙasa, kada a dama. Bayan ɗan lokaci madarar za ta kama. Sa'an nan a ƙara wuta ta tafasa, har a ga cukun ya dunƙule ya taso, ruwan ya koma garau mai ɗan rawaya. A kwashe da ludayi a zuba cikin ƙananan kwanduna ko matsami ya tsiyaye. In tunfafiya ta yi yawa cukun zai yi ɗaci, kuma a kiyaye ƙaronta kada ya shiga ido, gama yana da lahani ƙwarai. Wadda ba ta saba da tunfafiya ba tana iya tsinka tafasasshiyar madara da ruwan lemon tsami.

Ɗanyen cuku ba ya jimrewa, kwana biyu ko uku ya lalace. In ana so ya ƙara kwana sai a riƙa tafasa shi kullum cikin ruwa da ɗan gishiri, ko a soya. Ruwan da ya tsiyaye kuwa kada a zubar, a yi wa yara kunu da shi, ko a ba maruƙa. Amma mai ciwon sukari kada ya sha shi, gama can sukarin ya koma. Tafasawar nan tana da wani amfani babba, watau tana kashe ƙwayoyin tarin fuka da na bakkale, waɗanda su kan bi ɗanyar madara daga saniya zuwa mutum.

IYAKAR ABIN

Kada wani ya ji wannan ya ce cuku magani ne. Cuku abinci ne, ba ya warkar da ciwon sukari, ba ya kuma tsaya a madadin ƙwaya ko allura. Yana da maiƙo da yawa, wanda aka tafasa da gishiri kuma yana da gishiri, mai ciwon sukari kuwa sau da yawa yana da hawan jini. Saboda haka a ci daidai, kuma dafaffe cikin miya ya fi soyayye. Wanda likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, sai ya tambaya kafin ya yawaita cuku ko awara ko nama.

Abu mafi haɗari shi ne mai yin allurar insulin, ko mai shan ƙwaya irin glibenclamide, ya rage tuwo farat ɗaya bai gaya wa likita ba. Maganin zai ci gaba da kwashe sukari alhali babu mai shigowa, sai mutum ya ji rawar jiki da gumi da jiri, har ya suma a gona. In haka ta faru, yana da sauran hankalinsa, a ba shi sukari ko zuma nan da nan, sa'an nan a kai shi asibiti. Don haka kafin a rage hatsi a je a yi shawara, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko a asibiti mafi kusa, domin a daidaita magani da abinci. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da yara, ba a sa su wannan tsari sai da umurnin likita.

Shi kuwa manomi mai lafiya, wanda ke yini riƙe da garma, babu dalilin da zai guji gero. Jikinsa yana ƙone abin da ya ci. Inda a ke samun matsala shi ne aiki ya ragu ci bai ragu ba: babur ya karɓi tafiyar ƙasa, inji ya karɓi daka da niƙa, da rani a yini a zaune a tsakar gari, amma akushi yana nan yadda ya ke a lokacin huɗa. Duk wanda ya wuce shekara arba'in, ko ya ga yana yawan fitsari da ƙishirwa, ko rauni ya ƙi warkewa, ya je a auna jininsa tun da safe kafin ya karya. Rigakafi ya fi magani.

AIKIN MANOMI DA MAKIYAYI

Cuku ba ya samuwa sai da madara, madara kuwa ba ta samuwa sai saniya ta ƙoshi. A nan ne manomi ya shigo. Harawar wake da ta gyaɗa da a ke bari a gona rana ta ƙone, in an ɗaure ta tun tana kore aka ɗora a kan itace ko rufin ɗaki, ita ce madarar watan bazara. Haka dusa, da ƙaiƙayi, da 'ya'yan gawo, da dusar waken suya da masu awara su ke tacewa. Manomin da ya bar wa makiyayi karan gonarsa bayan girbi ya sami taki, makiyayi ya sami abincin shanu, garin kuma ya sami nonon da ba a yi wa haɗi ba. Burtali da mashaya in aka bar su a buɗe, shanun tatsa za su zauna kusa da gari, ba sai an kora su kudu ba tun kaka.

Saboda haka ana kira ga malaman gona da na dabbobi na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su shiga rugage da damina su nuna wa mata yin ɗanyen cuku, tukunya ɗaya ta isa gwaji. Ana kira ga ma'aikatan asibiti, in za su yi wa mutumin ƙauye bayani, su yi masa da dawo da malmala da ludayi, abin da zai iya ƙirgawa a gidansa. Ana kuma kira ga masu zuwa gaishe da mara lafiya su rage yawan shawara, su bar kwalbar lemo a kanti, su riƙo masa ƙwai ko awara ko ƙoƙon kindirmo na ƙwarai.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa shanu albarka, ya ba da damina mai kyau, amin.